Ido, wa ka raina? Dabarun ɗaukar hoton masu wucewa

A kusan kowane gida na ƙasar nan akwai wata jaka, ko tsohon gwangwanin biskit, inda ake ajiye hotunan iyali. In mai karatu ya buɗe nasa yau, na san abin da zai tarar: hoton ranar salla, na buki ko suna, na katin shaida, da na ranar da aka raba sakamako a lakwal. Kowa ya ci ado, ya miƙe ƙyam, ya haɗe leɓe, ya zura wa kamara ido kamar wanda aka tsayar gaban alƙali. Hotuna ne masu daraja, ba na raina su. Amma ina hoton mahaifiya tana tankaɗe a tsakar gida? Ina na mahaifi yana ciniki a bakin rumfa, ya ture hula ƙeya yana dariya? Ina ɗan ga-ruwan da ya shekara goma yana shigowa da ruwa kowace safiya? Mun adana ranakun da muka yi wa shiri, sauran kwanakin kuwa, da suka fi yawa nesa ba kusa ba, sun wuce ba shaida.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to amma fuska da zarar ta hangi kamara sai ta daina ba da labari. Mai tafiya ya tsaya, mai dariya ya gimtse, tsohuwa ta ja mayafi, yara su yo caa. Saboda haka duk wanda ke son ya ɗauki mutane yadda suke a hanya, cikin tafiyarsu da sana'arsu, dole ya san yadda zai yi kafin fuskar ta canja. Na daɗe ina wannan aiki a lokutan hutuna, mafi yawa a Damagaram, kuma abin da na fahimta a cikinsa shi nake son in ajiye gaban ƴan'uwana malamai da ƙungiyoyinmu na al'adu.

Fiye da shekara ɗari ke nan masu hoto suna fama da wannan matsala, kuma maganin da suka fara nema shi ne ɓuya. A shekarar 1916 wani Ba'amurke mai suna Paul Strand ya liƙa idon ƙarya a jikin kamararsa. Sai ya tsaya a titin Niyu Yok ya nuna na ƙaryar wani gefe, alhali na gaskiyar yana kallon mutumin da ke kusa da shi. Daga 1938 zuwa 1941 kuma, Walker Evans ya riƙa shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na wannan birni da kamara ɓoye cikin kwat, idonta na leƙe tsakanin maɓallai biyu, igiyar latsawa ta bi hannun riga ta sauko tafinsa. Haka ya ɗauki fasinjojin da ke zaune gabansa, kowa ya yi nisa cikin tunaninsa, har wajen hoto 600. Littafin da ya tara su bai fito ba sai a 1966.

Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson. Ya yi kusan shekara a Kodibuwa yana farauta, ya koma gida da ciwo, sa'an nan a 1932 ya sayi ƙaramar kamara ƙirar Leica wadda ke shiga tafin hannu. Yakan rufe wuraren da ke ƙyalli a jikinta da baƙin salatif domin kada ta ja ido. A wannan shekara ce ya zura idon kamarar ta kafar wani shingen katako a bayan tashar jirgi ta Saint-Lazare a Paris, ya ɗauki wani mutum yana tsallake ruwan da ya kwanta, diddigensa saura ƙiris ya taɓa ruwan. Littafinsa na 1952 sunansa Images à la sauvette, kalmar da Faransawa ke faɗa wa cinikin ɗan tallan da ba shi da izini, mai sayarwa ido na kan hanya, a shirye ya kwashi kayansa ya ruga. Ita kuwa Vivian Maier, mai renon yara a Shikago, wadda ba a gano hotunanta sama da 100,000 ba sai a 2007, da Rolleiflex ta yi yawancin aikinta. Ita wannan kamara a ciki ake riƙe ta, mai ɗauka ya sunkuya yana duba ta sama, don haka wanda ke gabansa ba ya jin an kafa masa ido.

In aka lura, duk waɗannan dabaru ƴaƴan manyan birane ne, inda mutum zai wuni cikin dubban jama'a ba wanda ya ce masa sannu. A can rashin sani shi ne labulen mai hoto. Garuruwanmu ba haka suke ba. Wanda ya ratsa lungunan unguwar Birni a Damagaram bai yi sallama ba, kafin ya kai ƙofar fada an riga an tambayi ko baƙon wane ne. Wanda ya tsaya shiru a gefe yana sanɗa ya fi mai kiɗa jan hankali. In kuwa aka kama mutum da kamara cikin riga, sunansa ɗan leƙen asiri, kuma a shekarun nan da tsaro ya taɓarɓare, a ofishin ƴan sanda zai ƙarasa bayaninsa. A nan ɓuya ba ta ɓoye kowa, sai dai ta zubar masa da mutunci.

Maganin yana cikin wata karin maganarmu: ido, wa ka raina? Ya ce, wanda nake gani yau da gobe. Gargaɗi ne iyaye ke yi da ita, kada mutum ya yawaita zuwa inda za a gaji da shi. Ga mai hoto kuwa ita ce uwar dabaru. Abin da yake nema shi ne a gan shi, a sake ganinsa, har ido ya raina shi ya koma ga harkarsa.

Ga yadda nake yi. In na zaɓi wuri, misali tebur ɗin wani mai shayi a gefen kasuwar Dole, ranar farko ba na ɗaukar komai. Kamara tana rataye a ƙirjina kowa na gani. In gai da mai wurin da waɗanda na tarar, in sayi shayina, in amsa tambayoyin da dole za su zo: daga ina, ɗan gidan wa, me za a yi da hotunan, nawa ake biyana. Gaskiya nake faɗa, domin ƙaryar da aka yi yau ranar Alhamis mai zuwa za ta tonu. Rana ta biyu ta masu so ce. Yara su jeru, samarin fada su gyara wuya, mai nama ya ɗaga wuƙa yana murmushi, duk in ɗauke su in nuna musu. Wannan kamar kuɗin shiga ne. Zuwa rana ta uku ko ta huɗu marmari ya ƙare, na zama kamar turken rumfa. A nan ne aikin ke farawa. Akwai kuma wani amfani da ban taɓa gani a littafi ba: mai wucewa ba kai kaɗai yake kallo ba, yana karanta fuskokin waɗanda ke zaune tare da kai. In ya ga hankalinsu kwance, mai shayi na ta juya kofinsa, shi ma sai ya wuce abinsa.

Bayan zama sai zaɓen wuri. Sabon shiga yakan bi mutane da kamara, wanda ya saba kuwa bango yake fara nema. Ya sami katangar da aka yi wa zane, ko ƙofar zaure mai duhu a ciki, ko inda hasken rana ya ratso tsakanin rumfuna biyu, ya daidaita abin da zai shiga hoton da abin da zai bari waje, sa'an nan ya jira. Can sai ga amalanken jaki, ko ƴar talla da faranti a ka, ko dattijo da sandarsa, su shigo da ƙafarsu. Cartier-Bresson ya yi haka a garin Hyères a 1932: ya tsaya saman wata matattakala mai lanƙwasa har wani mai keke ya gitta ta ƙasa. Fa'idar jira ita ce mai wucewa ya tarar da kai kana kallon bango tun kafin ya iso, don haka bai ɗauka shi ake nufi ba. Jiran yakan kai rabin sa'a, wani lokaci a tashi ba a sami komai ba.

Sai haske, wanda a ƙasarmu yawa yake yi. Daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma la'asar sakaliya, su ne lokutan aiki, domin hasken yana zuwa ta gefe yana fito da siffar fuska da launin jar ƙasa. Da tsakar rana kuwa hula da rawani sukan jefa inuwa a kan ido, fuska ta zama rami. Hazon hunturu, da kowa ke kuka da shi, abokin mai hoto ne, domin yana tausasa rana ya rage kaifin inuwa, sai dai kada a kwance idon kamara a titi a wannan lokaci, ƙura za ta shige. A kula kuma da farar riga. Na'urar awon haske da ke cikin kamara in ta ga fari mai yawa sai ta rage haske, rigar ta fito tas, fuskar mai ita ta dushe. Maganinsa a ƙara haske da mataki ɗaya, domin fuskar muke nema.

Abu na gaba shi ne a gama saiti kafin mutum ya iso. Mai tafiya ba ya jiran a murɗa wannan a latsa wancan. A kamara mai fim irin na da, ko ta zamani mai faɗin ciki irin nasa, in aka sa ido mai milimita 35, aka tsuke ƙofar haske zuwa lamba 8, aka ajiye saitin nisa a mita 3, to duk abin da ke tsakanin kimanin mita 2 da mita 7 zai fito sarai. Mita 3 taku huɗu ne na babban mutum, kuma ido yakan saba da auna shi. Saurin ƙiftawar kamara kada ya gaza kashi 1 cikin 250 na daƙiƙa ga mai tafiya a ƙasa, 1 cikin 500 ga ɗan kabu-kabu. Mai salula, wanda shi ne mafi yawanmu a yau, wannan lissafi bai dame shi ba, domin idonta mai faɗi ne, kusan komai yana fitowa. Nasa aikin shi ne ya buɗe kamarar tun da wuri, ya kashe fitila, ya dafa yatsa a inda yake son saitin ya tsaya, ya kuma ɗauka da maɓallin ƙara murya da ke gefe, wanda ya fi sauri kuma ba ya girgiza hannu.

Doguwar kamara mai jawo nesa kusa ba na ba kowa shawararta. Tana sa mutum ya laɓe daga nesa, kuma hoton da take bayarwa ba ya da ɗumi, mai kallo yakan ji shi ma leƙe yake yi. Kusa ta fi, da motsi a hankali. Hannun da ya zabura shi ke tsorata mutane, wanda ya ɗaga kamara sannu kamar zai gyara tabarau ba a kula shi. Bayan an latsa kada a sauke nan take, kada kuma a sunkuya duba abin da aka samu. Mafi sauƙin ɗauka shi ne wanda hankalinsa ya tafi wani wuri: masu tayi da albarka a kan rago, masu dara, wanzami da kan da yake aski, jama'ar da ke jiran hawan salla. A filin kokawa, tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, kowace kamara ƴan kokawa take kallo. A gwada juya musu baya daidai lokacin da ake shirin kaye, a dubi ƴan kallo. Ba wanda zai san da kai a duniya.

Duk da haka wata rana za a haɗa ido. A nan shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. In yi murmushi, in gaisa, in nuna abin da na ɗauka. In mutum ya ce a goge, in goge a gabansa ba gardama, ko da hoton ya fi duk na wannan wata kyau. Wani dalilinsa addini ne, wani kunya, wani kuwa bashi ake binsa, kuma ba dole ba ne ya faɗa mini.

A nan ne maganar ta wuce ta dabara. Tsakanin 1999 da 2001, Philip-Lorca diCorcia ya ɗaura fitilu a jikin wasu ƙarafan gini a dandalin Times Square na Niyu Yok, ya riƙa ɗaukar kawunan masu wucewa daga nesa, ya kuma sayar da hotunan da tsada. A 2005 wani dattijo Bayahude mai riƙo da addini ya sami labarin fuskarsa na cikinsu, ya kai ƙara, yana cewa addininsa bai yarda da haka ba. A 2006 kotu ta kori ƙarar, ta ce aikin fasaha ne. A Faransa kuwa, tun 1970 doka ta tanadi kare sirrin rayuwar kowa, kuma da ita mutane da yawa suka kai masu hoto gaban shari'a. Doka takan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ni ina ganin ko inda alƙali ya wanke mai hoto, dattijon nan an ɗauki abinsa ba da yardarsa ba, an kuma ci riba da shi.

Mu ma mun ga irin wannan a gida. A 2005, shekarar ƙarancin abinci, masu hoto daga ƙetare sun cika Maraɗi. Hotunan yara masu tamowa sun zaga duniya, kuma gaskiya ne sun taimaka wajen jawo agaji. Amma uwar da ke riƙe da ɗa a bakin mutuwa, tana jiran magani daga hannun baƙi, ina ta ga bakin cewa a'a? Kuma shekaru bayan haka, wanda bai taɓa zuwa ba in an ce Maraɗi wannan hoton yake gani, bai ga kasuwarta da alhazanta da manomanta ba. Don haka na yanka wa kaina iyaka. Ba na ɗaukar mara lafiya, ko mai taɓin hankali, ko mai bara, ko wanda ya faɗi, ko mai barci, ko mai loma a baki, ko mai salla. Ba na leƙa ƙofar gida in ɗauki matan aure. Yaro ba na yaɗa hotonsa sai da sanin manyansa. Barikin soja da filin jirgi da makamantansu kuwa ba ma a kusanta. Awon da nake yi ɗaya ne: in mahaifiyata ce a wannan hali, zan so baƙo ya rataya ta a bango?

Akwai kuma mai gudun wahalar jira ya shirya abu ya ce katari ne. Shahararren hoton Robert Doisneau na 1950, na saurayi da budurwa a gaban ma'aikatar magajin garin Paris, shekara arba'in ana ɗauka tsintuwa ce, sai da aka shiga shari'a a 1993 ya tabbata ɗalibai ne masu koyon wasan kwaikwayo ya roƙa suka yi masa. Shiryawa ba laifi ba ne in an faɗa. Amma hoton da za a ajiye don tarihi, in shiri ne aka kira shi katari, shaidar zur ce.

Abin da ke halatta ɗauka ba da sani ba, a ganina, shi ne mayarwa da sani. Magabatanmu a wannan sana'a sun san haka. Malick Sidibé na Bamako, wanda aka ba babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Venise a 2007, yakan kwana a wuraren rawar samari a shekarun 1960, kowa ya san shi, kowa ya manta da shi, sa'an nan ya wanke hotunan ya jera, masu su su zo su zaɓa. Philippe Koudjina ya zaga wuraren shaƙatawar Yamai da dare a wannan zamani, shi ma a fili yake aikinsa. Jean Rouch kuma, wanda ya rasu a haɗarin mota kusa da Ƙonni a 2004, ya koma Ayoru a 1954 ya nuna wa masunta fim ɗin farautar dorina da ya ɗauke su. Suka ce ya cire kiɗan da ya sa, domin kiɗa ƙarfafa zuciyar dorina yake yi, farauta kuwa shiru take so. Ya cire.

Ni ma nakan wanke in kai. Akwai wata tsohuwa mai fura da na ɗauka tana dama wa wani, ba ta sani ba. Da na koma bayan kwana bakwai na durƙusa na gaishe ta, na ce, «Inna, ga saƙonki.» Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta daɗe tana kallo. Can ta ce, «Ɗana, ashe haka nake riƙe ludayi? Ai wannan hannun uwata ne.» Da zan tashi ta ƙara da cewa, «Wannan na karɓa, Allah ya yi maka albarka. Amma kada ka sa ni cikin salula duniya ta gani.» Hoton yana cikin waɗanda na fi so, kuma har yau kwafi biyu ne kawai, nata da nawa.

Saura kira ga malamai da ƙungiyoyi. Gari yana canja kama da sauri fiye da yadda muke zato. Tsohuwar Maraɗi da ke cikin kwari ruwan Gulbi ya ci ta a 1945, aka koma tudu. Babbar Kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, Ƙaramar Kasuwa a 2012. Sana'o'i ma suna tafiya ba sallama, a tambayi yaran yau ko sun san mai rubuta wasiƙa a ƙofar gidan waya. Yau kuwa kusan kowane aji akwai salula mai kamara, galibi fuskar mai ita kawai take ɗauka. Kowace ƙungiya za ta iya zaɓen titi ɗaya ko kusurwar kasuwa ɗaya, ta nemi izinin mai unguwa, ta sa matasa biyu ko uku su lazimci wurin shekara guda, daga rani zuwa damina zuwa kaka. A koya musu gaisuwa da zama kafin a koya musu latsawa. Kowane hoto a rubuta masa rana da wuri da sana'ar da ake yi a ciki. A wanke waɗanda aka zaɓa a takarda, domin salula takan ɓace ko ta mutu da abin da ke cikinta. A fara baje su a unguwar da aka ɗauke su, duk wanda ya ga kansa bai so ba a sauke nasa a ba shi. Abin da ya rage a ajiye a laburaren lakwal ko a gidan matasa da al'adu, a hannun wanda aka san sunansa.